Rumfar lens a zauren wasa: ta asali, kwafi ko ta roba, wacce ta cancanci kuɗinka?

Mai ɗaukar hoto da ya saba da aikin rana, bikin suna a Agege ko ɗaurin aure a Idi-Araba, yakan ɗauki rumfar lens, wadda 'yan sana'a ke kira hud, wato abin da ake ɗaurawa a bakin lens don tare haske, a matsayin maganin rana kawai. Da ya shiga zauren taro sai ya cire ta ya jefa a jaka, ko ya juya ta baya ya bar ta maƙale a jikin lens. A wurin da ake wasa a kan dandamali wannan babban kuskure ne. Rana guda ɗaya ce, kuma ka san inda take. Fitilun dandamali kuwa sukan kai goma ko ashirin ko fiye, wasu a sama, wasu a gefe, wasu a bayan mawaƙi suna fuskantarka kai tsaye, ga sauran zauren baƙi ƙirin. A irin wannan wuri ne rumfa ta fi yin amfani.

Iri uku ake samu a kasuwar Legas: ta asali da kamfanin lens ya ƙera, kwafin da wasu kamfanoni ke yi mai kama a baki ɗaya da ta asali, sai ta roba mai naɗewa da ake murɗawa a wurin filta, wato gilashin da ake ƙarawa a gaban lens. Hukuncinmu a taƙaice shi ne: ga lens mai zum, wato mai zuƙo abu kusa ko mayar da shi nesa, nemi ta asali ko kwafin da ka gwada da hannunka; ga lens mara zum, kwafi mai kyau ya isa; ta roba kuma aiki ɗaya tak ta fi sauran iyawa, za mu zo kansa. Amma duk wadda ka saya, ba za ka ci ribarta sosai ba sai ka yarda ka cire filtar kariya da ke gaban lens ɗinka.

Abin da ke faruwa a cikin lens

Lens ba gilashi ɗaya ba ne. Canon EF 70-200mm f/2.8L IS II, wanda ya fito a 2010 kuma har yau yana hannun masu ɗaukar dandamali da yawa, yana da gilasai 23 a rukuni 19. Kowane rukuni na da fuska biyu, ke nan wurare 38 ne haske ke ratsawa tsakanin iska da gilashi, kuma a kowane wuri wani ɗan kaso yakan dawo baya maimakon ya wuce. Gilashin da ba a yi wa shafe ba yana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 a kowace fuska. Shafen zamani ya sauko da wannan ƙasa da kashi 1, amma bai kai shi sifili ba.

Da rana wannan ɗan ragowar yakan ɓace cikin hasken da ya cika ko'ina. A dandamali ba haka ba ne. Fitila guda ta fi baƙin labulen da ke bayan 'yan wasa haske ninkin-ba-ninki, don haka ɗan abin da ya warwatsu daga gare ta ya isa ya wanke duk baƙin da ke cikin hoton. Ana ganin illar ta hanya biyu. Ta farko hazo ne da ke lulluɓe hoton gaba ɗaya, baƙi ya koma toka-toka, jan kaya ya koɗe, kamar an ɗauki hoton a tsakiyar hunturu a Kano. Ta biyu ƙwallayen haske ne, kore ko shunayya, da ke jeruwa daga fitilar zuwa ɗaya ɓangaren hoton, kuma sau da yawa a fuskar mutum suke sauka. Ƙwallon kowa na ganinsa nan take. Hazon shi ne mugun, domin a ƙaramin allon kyamara cikin duhu ba ka lura da shi, sai ka buɗe hoton a kwamfuta. Kuma yana rikita fokas: kyamara na dogara ne da bambancin haske da duhu kafin ta kama, idan hazo ya shafe bambancin sai lens ya yi ta kai da komo, mai rawa ya gama tsallensa kai ba ka ɗauka ba.

Rumfa tana tare hasken da ke zuwa daga wajen abin da hoton ya ƙunsa. Wancan lens na 70-200 yana ganin kusurwar digiri 34 ne a 70mm, digiri 12 kacal a 200mm, amma babban gilashinsa na gaba, mai bakin filta 77mm, a buɗe yake ga duk fitilar da ke gabanka ko gefenka. Duk wadda ba ta cikin hoton amma haskenta na taɓa gilashin, ɓarna kawai take yi, kuma ita ce rumfa ke yankewa.

Ta asali

Canon na saka rumfa a kwalin manyan lens ɗinsa masu jan zobe, amma ƙananan irin su EF 50mm f/1.8 STM sai ka saya daban. Nikon kuwa yana haɗa HB-47 da AF-S 50mm f/1.8G tun daga kwali. Kowace rumfa da lambarta, kuma lambar ce abin dubawa, ba faɗin baki ba. ET-87 ce ta EF 70-200mm f/2.8L IS II, ita ce kuma ta samfuri na III da ya fito a 2018. EW-88C ta EF 24-70mm f/2.8L II ce. ES-68 ta 50mm STM, ET-65 III ta EF 85mm f/1.8. A gidan Nikon, HB-48 ta 70-200mm f/2.8G VR II ce, HB-40 kuma ta 24-70mm f/2.8G.

ET-87 ita ce muka fi gamsuwa da ita a wannan aiki. Tana da zurfi, an lulluɓe cikinta da baƙin yadi mai laushi irin karammiski wanda ke shanye haske maimakon ya mayar da shi, kuma tana da maɓallin kulle: da ta kama, ba ta juyawa sai ka danna. Wannan maɓalli ba ado ba ne. A gaban dandamalin kiɗa, inda masu liƙi da masu bidiyon waya ke turereniya, kafaɗar mutum ɗaya ta isa ta karkatar da rumfar da ba ta kullewa, kuma rumfa mai kunnuwa huɗu idan ta karkata sai dogayen kunnuwanta su shigo hoton, ka samu duhu a kusurwa biyu masu fuskantar juna. Cikin hayaniya kana iya ɗaukar hoto ɗari biyu a haka ba ka ankara ba. Aibin karammiskin shi ne yana kwasar ƙura da zaren tufafi, kuma ƙurar da ta taru fari take yi, ta koma mai mayar da haske.

EW-88C ma tana kullewa, an kuma yi ta da kyau, sai dai akwai iyakar da ba laifinta ba ce. An yanke ta ne daidai da 24mm, inda lens ke ganin digiri 84. Idan ka zuƙo zuwa 70mm, inda yake ganin digiri 34, rumfar ta yi gajarta ƙwarai, fitilun gefe da yawa suna tsallake ta. Haka duk rumfar zum take: ana auna ta da mafi faɗin kusurwa, in ba haka ba za ta shiga hoton. Tsohon EF 24-70mm f/2.8L na 2002 ya warware wannan da dabara mai kyau. Gilashinsa na gaba yana fitowa ne a 24mm, ya koma ciki a 70mm, rumfarsa EW-83F kuma a jikin da ba ya motsi take, saboda haka zurfinta na ƙaruwa da kansa yayin da kake zuƙowa. Wanda ya samu wannan lens tokumbo, ya tabbatar an ba shi da rumfarsa, domin rabin amfaninsa a dandamali a nan yake.

ES-68 ta 50mm STM tana da wani amfani da mutane ba su cika lura da shi ba. Gilashin gaba na wannan lens dama a can ciki yake, don haka ribar tare haske ba ta kai ta sauran ba. Amma bututun ciki na lens ɗin yana fitowa yana komawa lokacin fokas, kuma shi ne mai rauni. ES-68 a jikin waje take kamawa, ta kewaye bututun, duk bugun da ya zo a kanta yake ƙarewa. Rumfar da ake murɗawa a wurin filta mai 49mm kuwa a kan bututun nan mai motsi take zama, idan aka buge ta kai tsaye bugun ke shiga injin fokas. Ga wannan lens, kada ka sa mai murɗawa a wurin cunkoso.

Abu ɗaya game da sababbin lens na kyamara marar madubi: ET-83F ta RF 70-200mm f/2.8L IS fara ce daga waje, kuma tana da 'yar taga mai zamewa don juya filta. A zauren wasan kwaikwayo farin abu yana ɗaukar idon 'yan kallo da 'yan wasa, sai a rufe wajenta da baƙin tef. Tagar kuma a tabbatar a rufe take, kuma a juya ta ƙasa, don in ta zame ta buɗe fitilar sama ba za ta leƙo ta nan ba.

Kwafi

Farashin ta asali yakan ninka na kwafi sau da yawa, ga shi naira ba ta tsaya wuri ɗaya ba, saboda haka ba abin mamaki ba ne yawancin masu hoto kwafi suke saya. JJC na daga cikin sunayen da aka sani a wannan fanni, yana ƙera rumfuna masu kama a baki ɗaya da na Canon da Nikon da Sony, kuma yakan rubuta lambar wadda yake maye gurbinta a jikin kwali. Ban da irinsa akwai tarin marasa suna, kuma a cikinsu ne ake samun mai kyau da marar kyau a tire ɗaya.

Wuri uku kwafi ke kasawa. Na farko shi ne cikinsa. Wasu baƙar roba ce zalla mai sheƙi, kuma rumfa mai sheƙi a ciki tana iya zama madubi: fitilar da ke sama ta bugi kunnen ƙasa, hasken ya tashi ya shiga gilashi ta hanyar da da babu rumfar ma ba zai shiga ba. Mai layi-layi a ciki, marar ƙyalli, ta fi dama-dama. Na biyu haƙoran kamu: ko su yi tauri har kana jin tsoron karya bakin lens, ko su yi sako-sako bayan 'yan makonni. Mai tauri ta fi haɗari, domin bakin lens ɗin da take ci roba ne a yawancin lens, gyaransa kuma ya fi kuɗin rumfa goma. Na uku awo: milimita biyu ko uku da suka ƙaru a kunnen gefe ba komai ba ne a 85mm, amma a 24mm duhun kusurwa ne.

Shi ya sa muka raba hukunci. A 50mm da 85mm rumfar zagayayya ce kamar kofi, ba ta da sama ba ta da ƙasa, ko ta juya babu asara, kuma kusurwar gani ƙarama ce (digiri 46 a 50mm), kuskuren awo kaɗan ba ya fitowa. A nan kwafi mai kyau da ta asali kusan duk ɗaya ne. A 24-70 kuwa araha ba ta ado, sai wadda ta ci jarrabawar da za mu kawo a ƙarshe.

Sheƙin ciki yana gyaruwa. A liƙa baƙin tef ɗin gafa, irin na masu aikin bidiyo, marar ƙyalli, a jera shi ba tare da ya leƙo bakin rumfar ba. Kada a sa baƙin tef na masu wayarin: yana sheƙi, kuma zafin Legas na narkar da gam ɗinsa ya bar danƙo.

Ta roba

Ana murɗa ta a wurin filta, tana naɗewa mataki biyu ko uku, tana da araha, tana shiga kowane lens mai faɗin baki ɗaya. Wannan shiga ko'ina shi ne rauninta: ba a auna ta da kowane lens ba. A zum mai faɗi tana kawo duhun kusurwa, a dogon lens ta yi gajarta. Ba ta kare lens daga bugu mai ƙarfi, lanƙwashewa take yi. Da ta tsufa sai bakinta ya karkace, gefe ɗaya ya faɗo cikin hoton.

Inda ba ta da na biyu shi ne ɗaukar hoto ta bayan gilashi. Wani lokaci masu shiri sukan ce mai hoto ya tsaya a ɗakin masu kula da sauti da fitilu, can bayan zaure, ko wani bene mai gilashi. A nan sai ka manna bakin robar a jikin gilashin, ta toshe duk hasken allon kwamfutoci da fitilun ɗakin da zai dawo cikin lens, kuma laushinta na ba ka damar karkata kaɗan hagu ko dama ba tare da ta rabu da gilashin ba. Rumfa mai tauri ba ta yin haka, kuma takan yi ƙara ko ta karce gilashin mutane. Don wannan kawai ta cancanci a ajiye guda mai 77mm a aljihun jaka.

Maganar filta

Kusan duk wanda ya sayi lens a kasuwa an haɗa shi da filtar UV a ce masa kariya ce. A dandamali ita ce babbar mai haifar da ƙwallayen haske. Lebur take, sensar kyamara, wato farantin da ke karɓar hoton a ciki, ita ma lebur take kuma tana ƙyalli; hasken fitila ya shiga, ya bugi sensa, ya dawo ta cikin lens, ya bugi bayan filta, ya sake komawa, sai ka ga kwafin fitilar, yawanci kore, a daidai kishiyar inda take a hoton. Idan akwai fitilu shida a jere a saman hagu, za ka ga shida a jere a ƙasan dama, a kan rigar mawaƙi. Filta mai araha marar shafe ta fi muni, kuma tana zaune a can gaba inda rumfa ta fi gaza rufewa.

Mutane na jin tsoron cire ta ne saboda yatsu, gumi, da bugu. To wannan kariyar rumfa mai tauri ce ke bayar da ita, kuma ta fi filta iyawa: idan lens ya faɗi ta baki, rumfar ce ke fashewa ta shanye ƙarfin, filta kuwa in ta fashe tarkacenta kan gilashin gaba suke zuba. Don haka tsarin shi ne rumfa a sama, filta a jaka. Inda za a bar filta shi ne wurin da ake fesa abu, ruwa ko kumfa ko tartsatsin wuta na ado a bakin dandamali, kuma ko a nan a sa mai shafe da yawa, a goge ta tas.

A cikin zaure

Zaurukan Legas ba iri ɗaya ba ne, matsalar hasken ma haka. A wuraren da aka gina don wasa, irin Terra Kulture Arena a Victoria Island mai kujeru kusan 400, ko MUSON Centre a Onikan, ko babban gidan wasan ƙasa na Iganmu da aka kammala a 1976 don bikin FESTAC na 1977, wasan kwaikwayo yakan zo da tsararren haske: yawancin fitilu a sama suke, an saita su kan 'yan wasa. Mai hoto da ke zaune a tsakiya ko baya da dogon lens, rumfa za ta yanke masa kusan duka. Wanda ya durƙusa a layin gaba yana ɗaga kyamara sama shi ne ke shan wahala, domin ya juya gilashinsa yana kallon fitilun baya. Komawa baya layi huɗu ko biyar ka zuƙo ya fi kowace rumfa magani.

Wasan kiɗa daban ne. A manyan wurare irin Eko Convention Centre, ko New Afrika Shrine a Agidingbi lokacin Felabration, bikin tunawa da Fela, a watan Oktoba, abin da za ka shirya wa shi ne fitilu masu juya kai da hayaƙin da ake busawa don layin haske ya fito. Fitila mai juya kai takan share zauren ta wuce ta fuskarka; rumfa tana rage lokacin da take cikin gilashinka, amma daidai sa'ad da ta kalle ka babu abin da zai hana. Irin waɗannan fitilu tsari suke bi suna maimaitawa tare da kiɗa. Ka ƙirga zagaye biyu, ka gane lokacin da take barinka, ka danna a wannan tsakani.

Mafi wuya su ne zaurukan haya inda yawancin ayyukan jama'armu ke kasancewa: dinar biki da aka ɗauko mawaƙi daga Arewa, wasan Sallah, walimar saukar karatu ta Islamiyya, taron ƙungiyar 'yan kasuwa. Silin gajere ne, fitilu a kan sanduna daidai tsayin mutum a gefe biyu na dandamali, allon LED a baya, ga masu bidiyo kowa da farar fitilarsa a kan kyamara suna yawo. A nan haske daga gefe yake zuwa, kuma kunnuwan gefe na rumfa su ne gajeru. Dalili shi ne sensa ta fi faɗi a kwance, 36mm da 24mm, don haka an yi dogayen kunnuwa sama da ƙasa, gajeru hagu da dama. Ka riƙe wannan: idan ka juya kyamara a tsaye, dogayen sun koma gefe, gajeren ya koma sama. A zauren da fitilu ke gefe, hoton tsaye ya fi fita tsaf. A zauren da suke sama, hoton tsaye ya fi kamuwa da hazo.

Idan rumfa ta gaza, hannun hagu ne ƙari. Ka ɗora shi a bakin rumfar ta ɓangaren fitilar, ka matso da shi har ya bayyana a hoton, sannan ka ja da baya kaɗan. Za ka ga baƙin hoton ya dawo nan take. Da lens mai nauyin kilo ɗaya da rabi kamar 70-200 wannan sai da sandar ɗora kyamara mai ƙafa ɗaya. Wata hanyar ita ce yankin baƙin kwali mai faɗin tafin hannu da robar ɗaure kuɗi biyu, a ƙara wa rumfar tsawo santimita uku zuwa biyar ta gefe guda. Masu ƙaramar sensa ta APS-C sun fi kowa samun sarari a nan. Rumfar lens ɗin babbar sensa an auna ta ne da babbar sensa. A kan ƙaramar Canon mai ninkin 1.6, 50mm yana gani ne kamar 80mm, ke nan rumfarsa ta gajarce masa, ana iya ƙara mata tsawo sosai kafin duhu ya taɓa kusurwa.

A ɗaura rumfa kafin a kashe fitilun zaure. Ƙarar kamuwarta, ko faɗuwarta ta gangara ƙarƙashin kujeru, a wurin shiru irin Agip Recital Hall na MUSON kowa zai ji. Wadda ba ta kullewa a ɗaure ta da guntun tef a mahaɗa. Barin ta a juye kuwa asara biyu ce: ba ta tare komai, kuma a EF 70-200 tana rufe zoben fokas, wanda za ka buƙata duk lokacin da hayaƙi ya rikita kyamara. Bayan an tashi, in za ka ɗauki hoton jama'a da ƙaramin filashin da ke kan kyamara, to a nan cire ta, in ba haka ba inuwarta za ta fito kamar rabin faifai a ƙasan hoton.

Akwai abubuwan da ake ɗora wa rumfa alhali ba aikinta ba ne. Fitilar da ke cikin hoton ba ta da iko a kanta. Sai dai ka matsa taku ɗaya ka sa kan mawaƙin ya rufe ta, wanda kuma yakan ba da kyakkyawan zoben haske a gashinsa ko hularsa. Layukan da ke fitowa a allon LED maganar gudun shota ce, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa ta ɗauki haske: sai a fara gwada 1/100 ko 1/50 na daƙiƙa, kodayake mai rawa na buƙatar 1/500, dole a zaɓi ɗaya. Hasken leza kuma yana iya ƙona sensa har abada, rumfa ba ta hana shi. In aka kunna ana sharar jama'a da shi, a sauke kyamara ƙasa.

Yadda za ka gwada kafin ka biya

Ko Computer Village ta Ikeja za ka, ko Alaba International ta Ojo, tafi da kyamararka da ainihin lens ɗin. Wanda ya ce maka faɗin baki ɗaya ne don haka za ta yi, bai amsa tambayar ba. Ɗaura ta ka cire sau biyar: ta shiga da yatsu biyu, ta tsaya da ɗan ƙara, kada ta yi lilo. Juya ta baya ka ga ko tana kamawa, don haka za ka riƙa ajiye ta a jaka. Haska cikinta da tocin waya a karkace. In hasken ya dawo idonka, mai sheƙi ce.

Sannan gwajin kusurwa. Nemi farin bango ko sararin sama, mayar da zum mafi faɗi, sa buɗin lens a f/16, fokas a can nesa, ka ɗauka, ka sake ɗauka da fokas a kusa. A f/2.8 duhun rumfa yakan narke ya yi kama da duhun da lens ke yi da kansa, a f/16 kuwa yana fitowa da kaifin baki ba ya ɓuya. Duba kusurwa huɗu a hoton da ka ɗauka, ba a tagar leƙe ba, domin ƙananan kyamarori masu madubi kusan kashi 95 cikin 100 na hoton suke nunawa a tagar, kuma gefen da suke ɓoyewa nan ne duhun yake. Wanda ya yi oda ta intanet ya yi waɗannan gwaje-gwaje ranar da kaya suka iso, tun ana iya mayarwa.

Gwaji na ƙarshe a gida ake yi da dare. Kashe wuta, rataye baƙin yadi, kafa kyamara, wani ya riƙe tocin waya tazarar mita biyu yana zagayawa da shi daf da wajen hoton, sama da gefe. Ɗauki hoto huɗu a kowane matsayi: da rumfa da filta, da rumfa ba filta, ba rumfa da filta, ba ko ɗaya. Minti goma ne, kuma daga nan za ka san daidai kusurwar da lens ɗinka ke fara hazo, ka san ɓangaren da za ka tsaya a zaure.

Sai kula da ita a yanayin Legas. Rumfa mafi tsada ba ta amfanar gilashin da ke da maiƙon yatsa ko gishirin iskar teku, domin datti a gilashin gaba shi kansa warwatsa haske yake. A hure ƙura tukuna, sannan a goge da ƙyallen lens. Karammiskin ciki a tsabtace shi da tef, a manna a ɗaga, kada a sa masa ruwa. Idan ka fito daga zaure mai sanyin na'ura zuwa ɗumin waje, ko daga mota mai sanyi zuwa zaure mai zafi, gilashi zai yi raɓa, kuma hazon raɓa yana kama da na fitila har mutum ya zargi rumfarsa. Ka bar kyamarar cikin jaka a rufe minti goma sha biyar zuwa ashirin ta ɗauki zafin wurin. Da ka koma gida kuma a ciro lens daga jakar da ta sha gumi, a cire rumfar ta bushe daban, a ajiye lens ɗin a akwati mai rufewa da ƙunshin silika, don laimar damina na sa fumfuna ta tsiro a cikin gilashi, kuma hazon da take kawowa daga ciki yake.